Faɗin Yatsu Biyu a Gefen Hagu

Akwai wani bawan Allah a Ƙofar Marusa cikin Katsina, sunansa Isah. A shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ya tsaya takarar kansila, Allah kuma ya ba shi. Tun daga ranar tafiyarsa ma ta canza.

Yana da aminin ƙuruciya, Malam Sammani tela, mai shago a Ƙofar 'Yandaka. Kwano ɗaya suka ci tuwo a ɗakin Inna Hawwa, mahaifiyar Sammani, kuma shekara ashirin babu wanda ke yi wa Isah ɗinki sai shi. Sai dai a zaɓen nan Sammani bai ɓoye ba, ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya zaɓa. Isah ya ce ba komai, amma abin na nan a ransa.

Da rantsarwa ta matso, ya kai shadda a ɗinka masa kaftani. Bayan doguwar gaisuwa ya ɗaga hannu, Sammani ya zagaya masa tef ɗin awo. Da ya zo haƙarƙarin hagu, can wajen baya, sai ya tsaya.

"Isah, abin ga naka ya ƙara girma hwa. Ka tahi asibiti su duba."

Isah ya kai hannu. Sai ya ji ƙullutu kamar goro a ƙarƙashin fata, in ya danna ya zille, kuma ko kaɗan babu ciwo. Bai taɓa sanin da shi ba.

Cikin 'yan rakiyar da suka yi masa caa tun da ya ci zaɓe akwai Lado, mutumin da bai taɓa ganin wuta bai ƙara mata ice ba. Da ya ji labari sai ya yi ƙasa da murya.

"Ranka shi daɗe, ciwon Allah ai zahi yake yi. Wanga da ke yawo ba ciwo, jifa ne. Wa ya hwara ganin shi? Wa ke taɓa jikinka? Wa ya ƙi zaɓenka?"

Tambaya uku kacal, suka rushe amincin shekara arba'in.

Washegari da hantsi Isah ya tsaya a ƙofar shagon, a gaban masu jiran ɗinki da masu wucewa, ya ce Sammani ya jefe shi don baƙin cikin kujera. Sammani ya miƙe, almakashi a hannu.

"Ni, Isah? Don Allah tahi gida ka dubo tsohhin rigunanka, ka..."

"Ka riƙe bayaninka!" in ji Isah. Ya fizge shaddarsa ya shige mota.

To wa zai ɗaga hannu ya bar mai jifa ya auna shi? Kafin watanni shida shagon ya zama kango. Sammani ya sayar da keken ɗinkinsa, ya ɗauki iyalinsa da tsohuwarsa ya koma Batagarawa yana noma.

Shi kuwa Isah shekara biyu yana fama. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya yi hayaƙi har idonsa ya yi ja, ƙullutu na nan daram. Ga wani abin haushi, duk kaftanin da sabon tela ya ɗinka sai ya riƙa ɗame shi a hagu. Matarsa Zuwaira ce ta gaji, ta ce in bai je asibiti ba za ta kai ƙararsa wurin yayyensa.

Likita ya danna, ya murza, ya tambaye shi ko yana rama ko zazzaɓi. Ya ce a'a.

"Irin wannan yakan zama tarin kitse ne a ƙarƙashin fata," in ji likitan. "Wani lokaci jakar ruwa ce ko ta maiƙo, wani lokaci kaluluwa. Jefi-jefi kuma akan samu mugun abu da ke farawa ba ciwo, shi ya sa ba ma son a zauna da shi a gida. Za mu cire mu gwada."

Aka cire, aka gwada, kitse ne. Likita ya ce irinsa a hankali yake girma, wannan ya daɗe ƙwarai a jikinsa.

Isah ya dawo gida. Sai a ranar maganar Sammani ta tsofaffin riguna ta dawo masa. Ya ce wa Zuwaira ta buɗe akwatin tsofaffin kaya.

Ta ɗauko kaftanin sunan ɗansu na fari, ta ninka shi biyu, kafaɗa kan kafaɗa. Gefen hagu ya fi na dama da faɗin yatsa ɗaya. Ta ɗauko na wata Sallah da ta biyo baya, haka. Na ƙarshe-ƙarshen da Sammani ya ɗinka kuwa, yatsu biyu cif. Wato shekara da shekaru kafin a san za a yi zaɓe, Sammani yana sakar masa wuri a hagu don kada riga ta dame shi.

Isah ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro.

Ya sami Sammani a gona a Batagarawa, ya rame, hannun da ya saba da allura duk ya yi kanta. Isah ya durƙusa a gabansa.

"An cire?" Sammani ya tambaya.

"An cire. Kitse ne. Mi ya sa ba ka taɓa hwaɗa mani ba tun yana ƙarami?"

"Na ɗauka ka sani, jikinka ne. Tela kuma ba ya tallar abin da ya gani a jikin mutane. Da ya girma ne tsoro ya kama ni."

"Ka yahe mani, Sammani. Zan saya maka keke, zan tsaya a masallacin Juma'a in wanke ka. Kai ni in roƙi Inna ita ma."

Sammani ya ajiye fartanya, ya ce:

"Ni na yahe maka tun ranar. Inna kuwa ta rasu bara da damina. Har ta cika tana tambayata, wai da gaske ne Isah nata ya hwaɗi haka da bakinshi. Ina ce mata ƙarya mutane ke yi maka."

Isah ya cika alkawari, ya yi magana a masallaci, ya sayi keken. Sammani ya yi godiya ya ba wani maƙwabcinsa, ya ce idonsa ba ya ganin kafar allura yanzu. Har yau in Isah ya wuce Ƙofar 'Yandaka sai ya kau da kai daga shagon, wanda ya koma wurin cajin waya.

Darasi: In ka ji ƙullutu a jikinka, ko ba ya ciwo, likita za ka kai wa tun da wuri, ba masu neman wanda za a zarga ba. Kuma kada ka yanke wa masoyinka hukunci kafin ya ƙarasa maganarsa, domin akwai wanda ba za ka same shi ba ranar da ka zo neman gafara. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na can yana zargin wanda ya fi kowa tausayinsa.