Ranar da Lasifika Ya Ji Kunyar Laluben Kawunsa

Akwai wani saurayi da 'yan unguwarsu ke kira Lasifika, don in ya buɗe baki a wannan layin sai an jiyo shi a wancan. Ya gama karatu, ya zaga da takardunsa har takalmi ya cinye, aiki dai shiru.

Unguwarsu a bakin kogi take. Shekarun nan ruwan sama ya canza hali, sai ya ɗauke har mutane su fara cire rai, sannan ya sauko gaba ɗaya. Ga kuma tifofin wani ɗan kwangila suna ta kwasar yashi a gindin gaɓa.

Da ambaliya ta zo, gaɓar ta zabtare ta tafi da gidaje. A ciki har da ɗakin kawun Lasifika, yayan mahaifiyarsa, wani mai lambu. 'Yar autarsa tana cikin ɗakin, ruwa ya tafi da ita. Tun daga ranar Kawu ya rage magana.

Ana haka wata ƙungiyar kare muhalli ta buɗe wa matasa ƙofa. Za ta koya musu yadda ake haɗa kan unguwa a nemi hakki, wanda ya nuna ƙwazo ta ɗauke shi aiki. Lasifika ya shiga da ƙarfinsa. A ransa har ya hango kansa a gaban taro yana zuba bayani, ana ɗaukarsa a waya.

Ƙungiyar ta shirya zaman dirshan a kan hanyar tifofin, ranar da jami'an muhalli za su zo duba gaɓar. In suka tarar da jama'a zaune cikin lumana, akwai fatan a dakatar da kwasar yashin.

Shugabar ƙungiyar tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata. Da ta zo raba aiki sai ta dubi Lasifika.

"A filin makaranta za a taru. Kai za ka tsaya a ƙofa, duk namijin da zai fita ka lalube shi. Mata akwai mai lalube su."

"Lalube, Malama? Ni? Da digirina?"

"Da digirinka. Ɗan kwangilar nan ya ajiye 'yan daba a bayan tarin yashi, dalili kawai suke jira. Ko reza aka gani a hannun namu, mu ne masu laifi, su ne masu kare kai. A ƙofar nan ba babba ba yaro."

Lasifika ya ce to, amma fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

Da safe ya tsaya a ƙofa yana lalube yana tsaki. Ya karɓe sukundireba a aljihun wani makanike, ya karɓe almakashi a wurin tela. Telan ya ce, "Ka adana min shi fa, shi ne uwata shi ne ubana." Aka yi dariya.

Sai ga Kawu cikin doguwar riga. Wannan shi ne mutumin da ya sha ɗora Lasifika a wuya yana yaro, wanda har gobe Lasifika ba ya gaishe shi a tsaye. Wani abokin Lasifika ya zungure shi, ya ce, "To, yau za mu ga aiki. Shafa ƙugun Kawu mu gani."

Lasifika ya durƙusa. "Kawu, ina kwana?"

"Lafiya lau, ɗan nan. An ce kai ke caje mutane. Bismillah." Ya ɗaga hannuwansa sama.

"Haba Kawu, wane ni! Wuce kawai."

Jama'a, nan ne raina yake ɓaci. Mutum ya ɗaga maka hannu da kansa, abin da ya rage ka miƙa naka. Amma ga kunya, ga kuma raina aikin da ya yi tun farko, sai ya matsa gefe Kawu ya wuce.

Aka isa hanya aka zazzauna, maza da mata, tsofaffi a gaba. Tifar farko ta taho cike da yashi, ta ci burki dab da ƙafafun mutane. Direban ya danna hon, ya matso, ya sake dannawa. Ba wanda ya motsa.

Ya leƙo ta taga yana kumfar baki. "Ku tashi ko in bi ta kanku! Wa ya ce ku gina ɗaki a bakin ruwa? Duk wanda ɗansa ya mutu, shi ya kashe abinsa!"

Kawu ya miƙe. Ya sa hannu a ƙugu ya zaro wuƙar da yake yankan ganye da ita a lambu. Kafin a ankara ya taka matakalar tifar, ya kai wa direban sara a dantse. Jini ya fantsama a gilashi.

Lasifika ya yi kukan kura ya cafke wuƙar ta wajen kaifin. Kawu ya fizge, ta ratsa wa Lasifika tafin hannu har ƙashi.

Abin da 'yan daba ke jira ke nan. Suka ɓarko daga bayan yashi da gorori da adduna, suka faɗa kan mutanen da ke zaune. Malama tana ihu, "Ku zauna! Kada wanda ya rama!" Wani ya sauke mata gora a ka, ta kife a wurin. Aka karya wa tela hannu. Aka tattake wata tsohuwa a cikin kwata. Mata na ta kururuwa, takalma sun watse ko'ina a hanya.

Kawu kuwa suka jawo shi ƙasa suka yi masa rubdugu. Lasifika ya rarrafa zai kwanta a kansa, aka yi ƙwallo da shi gefe. Yana kwance yana jin saukar kowace gora, har Kawu ya daina kare kansa.

Daidai lokacin motar jami'an ta iso. Suka hango jini da adduna, suka juya ko fitowa ba su yi ba.

Kawu bai kai asibiti da rai ba. Kafin yamma hoton wuƙarsa ya zaga wayoyi, ana cewa 'yan tada zaune tsaye ne suka far wa direba. Aka hana ƙungiyar taro. Tifofi suka ci gaba da lodi, maganar ɗaukar aiki kuwa ba wanda ya sake tada ta.

Malama ta zo gaisuwa da bandeji a ka. Ta samu Lasifika a ƙofar gida, hannunsa a naɗe.

"Ka lalube shi?"

"A'a, Malama."

Ba ta yi faɗa ba. Sai kawai ta shige wajen mata. Wallahi da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Da mutane suka ragu, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa a bakin tabarma yana kuka.

"Inna, kunyarsa na ji. Ta yaya zan sa hannu a jikin yayanki a gaban mutane?"

Inna ta ɗago, idanunta sun kumbura.

"Da ka sa hannun, da marinka zai yi, ya yi fushi ya koma gida. Da yanzu yana can zaune yana fushinsa." Ta share hawaye da bakin mayafi. "Kuma ai ka sa hannun daga baya, a gaban kowa. Ba kai ka kama aka sa shi a kabari ba?"

Darasi: Matasa, in an ba ku dama, kada ku raina aikin da aka fara damƙa muku, wataƙila rayukan mutane ne a rataye da shi. Kuma girmama babba ba shi ne ka kauce masa ya wuce zuwa halaka ba, gara ya yi fushi da kai yana raye. Ku tura wa duk matashin da kuka san yana aikin al'umma, ko Allah zai sa wani ya tsaya a ƙofarsa.