Kujerar Makka ta Biyu a Tseren Keke

An ce tseren keke na farko daga Funtuwa zuwa Sakkwato an shirya shi ne domin lafiyar matasa da ƙarfafa zumunci tsakanin garuruwa. Attajirin da ya shirya shi kuwa yana da kekuna jibge a kanti sun ƙi sayuwa.

Zango uku aka yi wa hanyar: Gusau, Talatar Mafara, sannan Sakkwato. Wanda bai shiga zango ba kafin kiran la'asar, an cire shi. Ɗan kallo ba ya taɓa keke, ba ya miƙa wa mai tsere ko allura, kuma akawun attajirin yana biye a mota yana sa ido. Wanda ya fara shiga Sakkwato yana da kujerar Makka biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta wanda ya ga dama.

Cikin waɗanda suka fito akwai Tanimu, mai tallar kananzir a ƙauyuka. Bai san komai a kan tsere ba, sai dai ya saba tuƙa keke da garwa biyu a baya, ranar kuwa an sauke masa su.

A zangon farko, ana hango Gusau, tayarsa ta baya ta fashe, fashewar da faci ba ya yi mata magani. Yana tsugune yana kallonta sai ga yayansa Jatau da jaki, ya ɗauko audugar da ya noma bana zai kai awo. Tanimu ya ce, "Yaya, kada ka matso, akawu yana kallo." Jatau bai ko dube shi ba. Ya zaro wuƙa ya yanke igiya, buhuna suka faɗi a kwata suka yage, ya shiga zagin jakin da bai yi laifin komai ba. Abin da mutum ya tsinta a hanya, doka ba ta ce komai a kansa ba. Tanimu ya cusa auduga a taya har ta yi tauri, ya shiga Gusau ladan yana gyaran murya. Sauran audugar ta sha taɓo, masu awo suka ƙi ta.

A zango na biyu hanya ta ratsa ƙauyen surukansa. Tun daga nesa Tanimu ya hango Malam Nomau, uban matarsa, a kan buzu a bakin titi, ya fito kallo. Ɗan mutunci ba ya wuce surukinsa a kan keke. Dole ne ya sauka, ya cire takalmi, ya durƙusa, gaisuwar Malam Nomau kuwa takan fara daga mutanen gida ta ƙare a kan awaki, sannan a kawo fura. Har ya kama birki, sai ya ga amininsa Barau wanzami ya dira gaban tsohon da zabira.

"Baba, wannan suma haka, ga baƙi sun cika gari? Juyo nan."

"Kai Barau, kallo na fito!"

"Yanzu za a gama, Baba. Kada ka motsa, askar sabuwar wasawa ce."

Ya juya masa fuska zuwa katanga, ya dafe kan, ya ɗora aska a bayan kunne. Tanimu ya wuce kansa a sunkuye. Da tsohon ya gane abin da aka yi masa, ya tashi da rabin aski, kuma daga ranar babu wanda ya sake miƙa wa Barau kai a ƙauyen nan, inda kakansa ma ya yi wanzanci.

A zango na ƙarshe saura su biyu a gaba, shi da wani Cindo, ɗan aiken gidan magani, wanda ya riga kowa shiga Gusau da Mafara. Rana ta take, gorar Tanimu ta daɗe da ƙarewa, ya ga hanya ta rabu biyu a idonsa, ya kife a gefen titi. Cindo ya yi nisa, ya waiga, ya juyo. Doka ta hana 'yan kallo, ba ta hana masu tsere ba. Ya tallafo kan Tanimu, ya kafa masa gorarsa a baki ya ce, "Kai mai kananzir, kurɓi kaɗan, ka rage mini." Tanimu bai san ya shanye ba sai da ya ji gorar ta yi sauƙi. Suka hau tare. A bakin Sakkwato maƙogwaron Cindo ya bushe, ƙafarsa ta yi nauyi, Tanimu ya riga shi da tsawon taya.

Da aka gama tafi, attajirin ya ce a ba shi suna ɗaya. Tanimu ya dubi Jatau, wanda noman shekararsa ya tafi a kwata. Ya dubi Barau, wanda ya rasa gari guda na kawuna. Ya dubi Cindo, wanda kujerun nan biyu suna hannunsa har lokacin da ya waiga. Ba don na farko ba, da an cire shi a Gusau. Ba don na biyu ba, da la'asar ta same shi yana amsa gaisuwar awaki. Ba don na uku ba, da makara ce ta kai shi Sakkwato. Ya roƙi a raba musu. Attajirin ya ce ya riga ya tambayi masu jirgi, sun ce ba a zaman mutum uku a kujera ɗaya.

To, ku da kuka ji, sunan wa Tanimu zai bayar?