Dutsen Nomau a Kan Kwalta

An yi wani mutum, wani bawan Allah manomin barkono, ana ce masa Nomau. Garinsu na bakin babban titin jiha da ya ratsa garuruwan manoma, a zamanin da aka fara zuba masa kwalta. Kun dai san halinmu: an yi titi don mota, mu kuwa muka mayar da shi wurin shanya. A baza barkono a gefen kwalta, a jera duwatsu don kada taya ta hau.

Wata shekara barkonon Nomau ya yi albarka, gefen titi ya yi masa kaɗan. Sai ya ƙara tura duwatsunsa ciki. Ƙaninsa Jatau, uwa ɗaya uba ɗaya, yana durƙushe yana juya barkonon.

Ku saurara. Da hantsi sai ga babbar mota ta ɗauko masara. Tayar gaba ta daki dutse ta fashe, mota ta ƙwace, ta bi ta kan Jatau. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ko shurawa bai yi ba.

Kafin a ce kwabo gari ya fito. Aka jawo direba, baƙo ne, ko sunansa ba a sani ba. Mai sanda, mai fartanya, har wani ya taho da galan ɗin fetur. Mutanen da suka yi asuba a sahu ɗaya, jama'a! Direba na kuka yana cewa, "Ku dubi Allah, ina da iyali!" Wa ke jin sa?

Nomau na zaune a kan kwalta, kan ƙaninsa a cinyarsa. Dutsen ya wuntsila cikin ciyawa, ba wanda ya gani. Ga tsohuwarsu ta iso, ana rirriƙe ta. Da ya yi shiru, da an ƙone baƙo, maganar ta mutu tare da shi. Sai ya kwantar da gawar, ya kutsa cikin taro, ya rungume direban.

Sarkin noma ya daka masa tsawa, "Nomau, ka haukace ne? Shi fa ya kashe maka ɗan'uwa!"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bawan Allahn nan a hannunsa yake tafiya. Dutsena ya daka. Ni na tura shi kan hanya da safen nan, don barkono. In rai kuke nema, ga ni."

Mai fetur ya ajiye galan, sanduna suka yi ƙasa. Tsohuwa ta ji da kunnenta, kuma Nomau ya san tana ji ya faɗa. An daɗe, an daɗe ƙwarai, kafin ta sake amsa gaisuwarsa. Amma direban nan da shi aka yi wa Jatau salla, kafaɗa da kafaɗa da Nomau, ya koma wa 'ya'yansa da ransa.

To, 'yan'uwa, faɗin gaskiya a kan wani ba wuya, kowa malami ne. Imani shi ne ka faɗe ta ranar da take kanka, ranar da shirunka zai rufa maka asiri ya halaka wani. Sau nawa laifinka ya faɗa kan baƙo, ko kan matarka, ko kan yaron shagonka, kana tsaye ka kama bakinka? Mutane ba su gani ba, Allah ya gani. Je ka wanke shi tun yau, tun kana da bakin magana.