Misalin Tankin da Aka Ɗaure wa Baki

Akwai wani mutum, manomin tumatir ne a fadama, yana kuwa da wata tsohuwar a-kori-kura da ya gada wurin mahaifinsa. Motar ta tsufa, ƙofar direba ma sai da igiya take rufuwa, amma ba ta taɓa barinsa a hanya ba. Kowace safiya yakan duba ruwa da baƙin mai, ya goge gilashi da tsumma, kafin ya sha kununsa.

Wata rana murfin tankin mai ya faɗi a hanya. Da mutumin ya gani, sai ya ce a ransa, "Ba zan bar iska ta shanye mini fetur ba." Ya ninka leda gida huɗu, ya rufe bakin tankin, ya naɗe shi tam da robar tiyub. Ya ji daɗin aikinsa, har ya kira matarsa ta zo ta gani.

Tun daga ranar motar ta sake hali. Takan tashi lafiya, ta kama hanya da ƙarfinta. In an ɗan yi nisa sai ƙarfin ya riƙa raguwa, ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai tari take yi. Sai ya tsaya a gefen hanya, ya kwance ledar ya leƙa ko mai ya ƙare. Ya ga mai na nan, ya mai da ɗaurinsa. In ya tayar, sai ta tafi kamar ba ita ba. Yakan ce, "Tsufa ne, hutu take so."

Ya sake fulogi. Ya wanke kafireta. Ya daina shan mai a inda ya saba, ya koma wani wuri. Duk dai jiya i yau. Bai kuwa gaya wa kowa ba, gama shi ne mai ɗaukar kayan mutane, shi ne mai kai marasa lafiya asibiti, bai saba a taimake shi ba.

Ana nan sai tumatir ya nuna gaba ɗaya, kwando talatin. Kasuwa tana bayan wani dogon tudu, manyan motocin masu saye kuwa da rana ta take tsaka suke tashi. In bai same su ba, wahalar rani duka za ta ruɓe a kwando. Ya yi lodi da sassafe, matarsa ta shiga gaba. Sau biyu motar ta tsaya, sau biyu ya leƙa tanki. Na ukun a gindin tudun ne, da ƙyar ta ja jiki zuwa rumfar wani tsohon makanike a ƙarƙashin mangwaro. Rana kuwa ta fara zafi a kan kwanduna.

Tsohon ya buɗe bonet, ya kasa kunne. Ya ce, "Ɗana, wannan injin ya fi ni lafiya. In ta tsaya, me kake yi mata?"

Mutumin ya ce, "Ba komai, Baba. Hutu kawai nake ba ta."

Matar tana tsaye a gefe, tana wasa da bakin zanenta. Ta ce a hankali, "Baba, a yi mini haƙuri, ban san mota ba. Amma duk sa'ad da ta tsaya yakan buɗe tanki. In ya buɗe kuma, nakan ji tankin ya ja numfashi, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci."

Mijin ya ce, "Kai, Maman Talatu! Ina ruwan tanki da inji?"

Tsohon ya zagaya ya ga ledar. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wa ya yi wannan ɗauri? Ai ko ɓarawon akuya ba a ɗaure shi haka!" Ya kwance robar, sai ga tankin ya ja iska, fuuu, dukansu suka ji.

Ya juya wurin matar ya ce, "'Yata, in za ki zuba madarar gwangwani, huda nawa kike yi?"

Ta ce, "Biyu, Baba. Ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga."

Ya ce, "To, ka ji, ɗana. Murfin da ka yar yana da ɗan rami, ko ƙwayar gero ta fi shi girma. Ta nan iska take shiga, mai ya samu ya gangara wurin inji. Kai ka toshe. Mai na nan cike, inji yana jin yunwa."

Ya tona cikin tarin ƙarafansa, ya ɗauko wani tsohon murfi, ya hura shi ya ji iska tana wucewa, ya ɗaura. Motar ta hau tudun nan da kwando talatin, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Suka iske masu saye ba su tashi ba. Da aka gama sauke kaya, mutumin ya saya wa matarsa ƙosai mai zafi, ya ce, "Maman Talatu, ashe kunnenki ya fi sifanata."

Ma'anar wannan misali ita ce, tankin nan zuciyarmu ce, man da ke ciki kuwa alherin da Ubangiji ya zuba mana ne domin mu yi hidima. Ledar ita ce "ba komai" da "lafiya lau" da muke naɗe bakinmu da su.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai masu share majami'a, masu dafa abincin zumunta, masu zuwa gaishe da marasa lafiya. Kullum bayarwa suke yi. Amma in an tambaye su damuwarsu, sai su ja roba su ƙara ɗaurewa. A gaban Allah ma addu'arsu ta wasu ce kawai. Sai wata rana ƙarfi ya ƙare a gindin tudu, mutum ya ce bangaskiyarsa ta mutu. Wani ya ga laifin fasto, wani ya sake ikkilisiya kamar mai sake fulogi. Alhali alherin na nan bai ƙare ba, hanyar shigar iska ce aka toshe. Ni ma na san wannan ledar, na iya ninka ta.

Ba a ce ka bar tankinka a buɗe kowa ya leƙa ba, ƙasa za ta shiga. Ɗan rami ne kawai ake bukata. Ka gaya wa Ubangiji gaskiyar abin da ke damunka. Ki sami 'yar'uwa ɗaya mai riƙon amana ki ce mata, "Na gaji, ki yi addu'a tare da ni." In an miƙo maka hannu, ka karɓa.

Yau in an tashi sujada, wani ya tsaya ya tambaye ka da gaske, "Yaya gida?", kada ka yi saurin jan roba. Akwai tudu a gaba, kaya kuma na bayanka.