Sallamar Kura

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso, muna saurare.

Ku matso. Wannan ba ta dariya ba ce.

A garin dabbobi Sarki Zaki ya kafa doka. Duk wanda ya shiga gida ko makaranta ba a amsa masa sallama ba, ƙafar da ta fara tsallake dokin ƙofa za a sare.

Kura ta ji, ta lashe baki. Ta san 'ya'yan garin masu tarbiyya ne, ba a yi musu sallama su yi shiru.

Akuya na da 'ya'ya uku, Jatau da Gambo da autarsu Tabawa. Rana tsaka tana gona, Kura ta zo ta yi sallama. Jatau ya amsa. Ta shiga, ta fito, babu Jatau.

Akuya ta kai ƙara. Alƙali Dila ya ce cin yaro babu wanda ya gani, shiga kuwa maƙwabta sun ji an amsa. Aka sallami Kura.

Ta koma. Ta yi sallama. Gambo ya daure, ya daure, kunya ta kama shi, ya amsa. Ta shiga, ta fito, babu Gambo. Akuya ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Sai ta kai Tabawa makarantar Malam Kunkuru, ko za ta tsira a cikin yara. Ran da Malam ya tafi jana'iza, Tabawa ta hango Kura tafe. Ta roƙi yara kada su amsa. Suka ce ina, Malam zai zane su. Sai ta ɓanɓaro ƙaro a jikin bishiya, ta cika bakin kowa, har nata.

Kura ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Shiru. Ta yi ta uku. Shiru, sai hawaye.

Yunwa ta ci ƙarfinta. Ta juya ta shiga da baya, wai in an gan ta ta ce fita take yi. Tabawa ta kama allo tana bugawa a kan allo, yara suka taya ta. Gari ya taru, aka rutsa Kura a ciki.

Kura ta ce wa Alƙali, "Ranka ya daɗe, an amsa mini."

Alƙali ya ce, "Wa ya amsa? Yara, ku faɗa."

Baki ashirin, duk a manne. Ko ɗaya bai buɗu ba.

Aka datse ƙafafun bayan Kura, don su suka fara shiga. Shi ya sa har yau bayanta ke ƙasa.

Akuya ta rungume Tabawa suka koma gida. Da ta tashi zuba abinci, sai ta ga akushi uku ta jera. Ta ɗauke biyu.

Don haka, yara, ku san mai sallama kafin ku amsa. Ku kuma kada ku faɗa gidan kowa sai an ce ku shigo.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɓera, ya shige rami da ita.