Yadda Maƙesu Ya Sami Haskensa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Kai Tanimu, ban ji bakinka ba. Mijin kirki ba ya amsa wa matarsa da hamma. Gyara zama. Yawwa.

Wata shekara aka yi marka a garin dabbobi, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ruwa ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan rumbuna kamar garken tumaki. Kifaye suna yawo a tsakar gida, mutanen gari suna tafiya kamar masu barci a tsaye. Murhu ya mutu a wannan gida, ya mutu a wancan, har aka wayi gari babu hayaƙi ko ɗaya.

A al'adarsu, idan wutarka ta mutu, sai ka ɗauki tsingaro, wato fasasshen tulu, ka miƙa ta kan danga, maƙwabci ya zuba maka garwashi. Wuta ba a sayar da ita, ba a hana ta. To amma wa zai ba wani, tunda kowa toka gare shi?

Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi a gefen fadama, sunansa Maƙesu. A lokacin ba ya haske, ba a ma lura da shi. Uwarsa tsohuwa ce, sanyi ya shige ta, tana kwance tana karkarwa. Ta ce, "Ɗan nan, ko kunu ɗan ɗumi na samu, da na ga gobe."

Maƙesu ya ɗauki tsingaro ya nufi dutsen da ya fi gajimare tsawo, inda aka ce akwai wata tsohuwa da wutarta ba ta mutuwa. A hanya sai ga Gizo.

"Ƙanena, ina zuwa?"

"Ɗibar wuta, Yaya Gizo."

"Ashe tafiyarmu ɗaya. Ni ma tausayin jama'a ne ya hana ni zama."

Ƙarya yake. So yake ya shigo gari da wuta shi kaɗai, a ce masa waliyyi, a riƙa durƙusa masa.

Suka yi ta hawa har suka huda gajimare suka fito ta samansa. Can babu ruwa, babu iska, shiru kawai da hasken rana mai laushi. Ga tsohuwa zaune bakin murhu tana kaɗi. In audugarta ta ƙare, sai ta miƙa hannu ta yago gajimare ta ci gaba.

Suka gaishe ta. Ba ta tambaye su komai ba. Ta zuba wa kowa garwashi ɗaya, girma ɗaya, ja ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau: ɗaya ta ba su, ba ta fifita kowa ba.

Da suka fara gangarowa, Gizo ya ce a ransa, "In aka ga jan nan, roƙo zai ishe ni." Ya juye garwashinsa cikin gora, ya toshe bakin da tsumma, ya yi gaba. Maƙesu kuwa ya yi wa nasa rumfa da fukafukansa, yana tafe yana hurawa.

A bukkar farko Zomanya ce, ta haihu, tana jego babu ruwan zafi. Ta leƙo ta ce, "Gizo, don Allah ko ka samo?"

"Wa, ni? Ruwan sha ne a gorar nan."

Sai ga Maƙesu. Ya dubi Zomanya, ya tuna uwarsa, ya ce a ransa, "Ai da saura." Ya sa tsinke ya ɓantara mata rabi. Ta ce, "Allah ya ji ƙan mahaifa."

A bukka ta biyu tsohon Kunkuru ne, yatsunsa sun sandare, ko buta ya kasa ɗagawa. Ya ce, "Gizo, ɗan albarka, ƙanshin hayaƙi nake ji."

"Tsufa ne, Baba, hancinka ya fara mafarki."

Sai ga Maƙesu. Wannan karon ya daɗe a tsaye, don abin da ya rage bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ɓantara dai, ya durƙusa ya hura wa tsohon har ƙirare suka kama.

A wuri na uku ba bukka ba ce. Gizo ne zaune a gindin tsamiya, ya buɗe gorarsa, gawayi baƙi ya faɗo, sanyi ƙalau. Wuta dai sai da iska, shi kuwa ya toshe ta. Da ya hango Maƙesu sai ya fashe da kuka.

"Wayyo ƙanena! Ƙoƙi matata tana can da yara, haƙoransu sai kaɗawa suke!"

Abin da ke kan tsingaron Maƙesu bai fi ƙwayar dawa ba. Ba ya rabuwa biyu. Ga rufin ɗakin uwarsa yana hangowa. Ya san Gizo maƙaryaci ne, amma ya san yaran Gizo ba su yi ƙarya ba, su ma sanyin suke ji. Ya tsaya har ruwa ya fara ɗiga ta fukafukansa. Sannan ya miƙa tsingaron duka, ya ce, "Kada ka rufe ta, Yaya. Ka riƙa hurawa."

Gizo ya fizge ya ruga, yana ihu, "Na kawo wuta! Ni Gizo na kawo!"

Maƙesu ya kama hanyar gida hannu wofi. Bai san abin da zai ce wa uwarsa ba. Yana tafe cikin gajimaren nan fari, ba ya ganin ƙafarsa, sai ya ji jikinsa ya yi sakayau kamar ba ya taka ƙasa. Kuka yake, amma zuciyarsa ba nauyi.

Yana isa sai ya ga hayaƙi yana tashi daga rufinsu. Ya shiga. Ga uwarsa zaune da ludayi a hannu, kunu yana tururi.

"Inna! Ina kika sami wuta?"

"Ta kan danga mana. Ɓera ya miƙo mini. Shi Kurciya ta ba shi, ita kuma daga gidan Zomanya ta ɗibo. Kai, tsaya! Mene ne wannan a jikinka?"

Ya waiwaya. Wani haske ne kore-kore yake ƙyaftawa a jikinsa, ba zafi, ba hayaƙi. Ya fita cikin ruwa, hasken bai mutu ba. Har gobe bai mutu ba.

To, ga inda raina yake ɓaci. Mutanen gari suka taru suka naɗa wa Gizo rawani, suka yi masa kirari, ba wanda ya tambayi inda wutar ta fito. Maƙesu bai yi ƙara ba, ba halinsa ba ne. Amma ni ban yafe wa Gizo ba, kuma ba zan bari a ci gaba da faɗar tatsuniyar nan a karkace ba. Wanda ya yi aiki a ambaci sunansa. Ke Barira, jiya na gan ki kin kama maƙesu ɗaya a bakin fadama kin murje shi a zanenki don ya yi miki ƙyalli. Gobe ki je ki ba danginsa haƙuri.

Abin da za ku riƙe shi ne: wanda ya ƙulle alheri don kansa, a hannunsa yake mutuwa. Wanda ya bayar yana buƙata, Allah yakan kunna masa fitila a cikinsa, wadda ruwa ba ya kashewa. Rawani kuwa, ko Gizo yana iya naɗawa.

Ƙungurus kan kusu. Tanimu, tashi ka miƙa wa maƙwabta sauran itacen nan.