Tsohon Babur da Ledar Bakin Tanki

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana kamar manya ba. Malama Rahila ce ta ce kowa a ajin matasa ya zo da misali ran Lahadi, ni kuwa in na tsaya gaban mutane sai muryata ta ƙi fita. Shi ya sa nake rubutawa a bayan littafin lissafina, ba wanda ya sani a gida. In an ga kuskure a gyara mini.

Akwai wani mutum, manomi, yana da wani tsohon babur da ya girmi 'yarsa ta fari. Yana kuma da wa a ƙauyen da aka haife su, tafiyar awa biyu. Shekara huɗu ba sa magana, a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonar da ubansu ya bari. Ba su yi dambe ba, ba su je gaban dagaci ba. Shiru kawai suka yi wa juna.

Wata rana da sassafe aka kira shi a waya aka ce, "Wanka ba lafiya, tun jiya sunanka yake kira. In za ka zo, ka zo yau."

Sai ya tashi da sauri, ya je wurin mai sayar da fetur a bakin hanya, aka cika masa tanki har baki. To robar murfin tankin ta tsufa, in aka faɗa rami mai yakan ɗan fantsalo waje. Sai ya samo ledar burodi, ya ninka ta huɗu, ya shimfiɗa a bakin tankin, ya danna murfi a kai.

Matarsa ta fito da jakarta ta ce, "Baban Tabita, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Yau ko ɗigo ɗaya ba zai fita ba. Hau mu tafi."

Suka kama hanya. Ba su daɗe da wuce gada ba, babur ya fara tari. Ya ja totur, babur ya yi kamar zai ɗauka, sai ya mutu. Ya buga kik, ya buga, ya buga, shiru. Ya buɗe tanki ya leƙa. Murfin ya yi wata 'yar ƙara, fuu, amma bai kula ba. Mai na nan cike. Ya mayar da ledarsa ya rufe. Ya kwance fulogi, ya kankare bakinsa, ya hura, ya ɗaura. Bugu ɗaya babur ya tashi.

Ya ce, "Fulogi ne. Na sani."

Suka yi ta tafiya, yana duba rana, rana tana hawa. A gindin wani tudu babur ya sake yin tari ya mutu. Ya sauka ya buɗe tanki, ya girgiza babur ɗin, mai na ta motsi a ciki. Ya rufe kamar ɗazu. Ya ce lalle yaudararsa aka yi, an sayar masa da mai haɗe da ruwa. Ya tsuguna ya kwance ƙusar ƙasan kafireto, ya tsiyayar da abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya shinshina, bai ga ruwa ba. Ya ɗaure, ya buga, ya tashi.

Ya ce, "Datti ne ya toshe shi."

Da ya mutu karo na uku, suna tsakiyar daji, ba gida ba inuwa. Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Matar wansa ce, ta ce, "Kuna ina? Yana ta tambaya."

Ya ce, "Ga mu nan, mun kusa." Alhali ko rabin hanya ba su yi ba.

Matarsa ta ce a hankali, "Baban Tabita, ni dai na lura sai ka buɗe tankin nan yake tashi."

Ya ce, "Ke me kika sani a babur? Sau biyu ina dubawa, mai na nan. Ba zan ɓata lokaci a kan abin da na riga na gani ba."

Bai buɗe ba. Ya sa sabon fulogin da ke cikin jakar kayan aikinsa. Ya taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya buga kik har igiyar takalminsa ta tsinke. Ya sa giya, ya ce matar ta tura, ta tura har zaninta ya jiƙe da gumi, babur bai ce uffan ba. Ƙarshe dai suka kama shi, shi a gaba ita a baya, suna turawa cikin rana, waya na ta ƙara ya kasa ɗauka.

Sun fi awa ɗaya a haka kafin su kai wani ƙauye. A bakin hanya akwai wani tsohon bakanike a ƙarƙashin dalbejiya, yana cin gyaɗa.

Mutumin ya ce, "Baba, taimake ni, wana na kwance. Na canja fulogi, na zubar da dattin kafireto, na duba waya. Ina jin injin ne ya buga."

Tsohon bai yi sauri ba. Ya karkaɗe hannunsa, ya zare tiyon da ke kai mai daga tanki. Mai ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Sai ya buɗe murfin tankin, aka ji fuu, nan take mai ya zubo ta tiyo. Ya toshe da yatsa, ya ɗago ledar da ɗayan hannun.

Ya ce, "Wa ya sa wa dokinka takunkumi?"

"Ni ne, Baba. Gudun kada mai ya zube."

"To bai zube ba. Ga shi nan cike, kai kuma ga ka nan a tsaye." Ya juya murfin ya nuna masa wata 'yar huda kamar ta allura. "Ka ga wannan? Wanda ya ƙera babur ba mantawa ya yi da ita ba. In iska ba ta shiga ta nan ba, mai ba ya sauka. Duk wanda ke zaune a bayanka ma ya isa ya lura."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta faɗa."

Tsohon ya dubi matar, sannan ya ce wa mutumin, "Ashe da bakanike ka taho, ka sa ta turi."

Bugu ɗaya babur ya tashi, bai ƙara mutuwa ba har ƙofar gidansu. Amma rana ta riga ta karkata. Matar wansa ta tarye su a zaure ta ce, "Har tsakar rana yana magana. Ya ce akwai abin da zai faɗa maka, kai kaɗai. Yanzu bakin ya rufe."

Ya shiga ya durƙusa a gefen gado, ya kama hannun wansa ya ce, "Yaya, ni ne. Ka yafe mini." Wan ya buɗe ido, ya matse hannunsa, leɓensa na motsi amma ba sauti. Kafin yamma ya cika. Har yau mutumin bai san abin da aka so faɗa masa ba.

To ga ma'anar misalin nan yadda na gane ta. Tankin zuciyar mutum ce. Man da ke ciki ƙauna ce da Ubangiji ya zuba mana, kuma mutumin nan yana da ita, ai da ba ya son wansa da bai fito ba. Ledar kuwa shirun da muke yi ne don kada a ga kasawarmu, kada mu riga wani cewa yi haƙuri. Muna gani kamar adana kanmu muke yi. 'Yar hudar nan ita ce addu'a ta gaskiya, da buɗe baki a gaya wa ɗan'uwa abin da ke rai. In muka toshe ta, ƙaunar tana nan amma ba ta kai wa kowa.

Kuma ku lura, mutumin ya zargi fulogi, ya zargi mai fetur, ya zargi inji. Abin da ya sa da hannunsa ne kaɗai bai zarga ba. Mu ma haka muke, a gida da makaranta, har a cikin ƙungiyar mawaƙa akwai waɗanda suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna yabon Ubangiji, wata uku ba su gaisa ba. Ubangiji yana gafartawa ko yaushe aka zo, amma ɗan'uwanka ba kullum zai iya amsa maka ba.

Mama na kirana in kai niƙa. Abu ɗaya zan ƙara, in akwai wanda sunansa ya faɗo maka a rai yanzu da kake jin wannan, kada ka ce sai gobe.